Hannun Tungamma, Sunan Shamanna

Tungamma tana tashi kafin hankaka ya yi kuka. Ta yi wanka da ruwan sanyi, rani da damina. Zanen da ta wanke jiya yana shanye a kan gora, can sama inda hannun kowa ba ya kaiwa. Ta sauko da shi da sanda ta ɗaura. Daga nan ba mai taɓa ta sai ta gama aiki, don kada tsarkinta ya karye. Ko kofi ba ta sha. Ta bi lungun bayan gidan bikin Nanjundayya, inda shanu ke cin ganyen ayabar da aka zubar, ta shiga ta ƙofar da ake shigo da itace. Shekara arba'in da uku ke nan tana haka.

Ni ne Shamanna, shugaban masu dafa abincin biki a tsohuwar unguwarmu ta birnin Maisuru, a kudancin Indiya. Aji uku na yi a makaranta. Ban iya tsara magana ba, ban kuma ba kowa wannan ya gyara mini ba. Duk wanda ya taɓa cin biki a nan ya san cirotin Shamanna, soyayyen abin nan mai falle-falle da ake ci da sukari da madara. To ku sani, ban taɓa murza ko ɗaya ba. Na Tungamma ne.

Mijinta Keshawa abokin aikina ne, shi ke kula da tukunyar shinkafa. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana shida. Tana da shekara ashirin da huɗu, babu ɗa babu 'ya. Aka fasa mata warwaron hannu, aka goge jan goshinta, kamar yadda ake yi wa wadda mijinta ya mutu. Bayan shekara ta zo ta tsaya a bakin ƙofata.

"Shamanna, aiki nake nema."

"Kin san ba zan iya sa ki a madafar biki ba."

"Na sani."

Ta ajiye wani ɗan kwanon tagulla a ƙasa ta ja da baya. Ciroti uku ne a ciki. Na ɗauki ɗaya, bai fi nauyin ganye ba. Na danna shi da tafi ya tarwatse. Tun ina shekara goma sha biyu nake cikin madafa, ban taɓa ganin irinsa ba. Ban gaya mata haka ba. Ɗakin itace na ba ta, da sharaɗi. Ta zo ana gobe biki, ta gama, ta fita kafin masu algaita su fara busa. Matar da miji ya mutu ya bari ba ta haɗa ido da dangin ango. Haka muka taso muka tarar. Ta ce ta yarda.

Ga yadda take aikinta, don watakila ba za ku sake jin wanda ya gani da ido ba.

Tsakin alkama mai laushi take kwaɓawa da ruwa da ɗan gishiri, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma ta bar shi ya sha. Sai ta sa shi a turmin dutse ta yi ta kirɓawa, tana ɗiga man shanu, har ƙullun ya daina yi mata gardama. Wannan kaɗai yana cin awa biyu. Sai ta zuba garin shinkafa da man shanu a faifan tagulla, ta yi ta shafawa da tafin hannu, gefe ɗaya kawai take juyawa, har ya yi fari ya tashi kamar kumfa. Ta murza falle bakwai, kowanne idan ka ɗaga za ka ga zanen tafinka ta ciki. Ta shafa wa kowanne kumfar, ta ɗora wani a kai, ta naɗe kamar tabarma, ta yanka. Kowane yanki ta kwantar da shi ta murza sau biyu, ba ta taɓa bakinsa. Idan aka danne baki, fallen ba ya buɗewa. A kasko wuta kaɗan take so. Tana watsa masa mai da ludayi yana buɗewa a hankali. Lokacin suya ba ta magana, ba ta kuma yarda a yi magana kusa da ita. Da kunne take sanin ya yi.

Ɗari huɗu, ɗari biyar, a yini ɗaya, a tsugune, a ɗakin da tagarsa ba ta fi faifai ba.

Ba ni kaɗai ne shaida ba. Ningamma tana nan da rai, ita ke kwashe ganyen ayabar da ake cin abinci a kai bayan an ci tun kafin in yi furfura, kuma bakinta ba ya tsoron kowa. Ku tambaye ta ranar man shanu. Wani attajiri ya aiko da gwangwani huɗu don bikin 'yarsa. Tungamma ta buɗe ɗaya, ta sunsuna, ta mayar da murfi.

"Wannan saniyar a cikin gwangwani aka haife ta."

Na ce ta yi da shi haka nan, mai biki ne ya kawo. Ta naɗe hannu ta zauna a kan itace. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ba ta ɗaga kai ba. Rana ta take tsaka, mutum ɗari biyar na zuwa gobe. Ni na gaji na aika aka nemo na gaske daga ƙauye. Ta fara a makare ta kuma gama a kan lokaci. A ranar mai ya fallatsar mata a damtse, fatar ta saluɓe. Ningamma ta gan ta ta ɗaure wurin da ganyen ayaba ta koma kan kasko. Tabon yana nan.

Ku kuma tambaye ta bikin 'yar malamin nan na makarantar ƙauye. Mutumin ba shi da ƙarfi, 'ya ɗaya gare shi. Kawun ango ya zo daga birnin Bengaluru da niyyar tozarta shi. Ya kushe masauki, ya kushe kofi, ya ce algaitar kamar ana yanka akuya. Da aka zauna cin abinci aka ajiye masa ciroti a ganye, sai ya ɗaga hannu ya hana a zuba sukari.

"A gidanmu, cirotin da bai kai falle talatin ba kare ake jefa wa."

Ya zaro tsinke ya fara ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Uban amarya yana tsaye, hannuwa a haɗe, gumi na bin wuyansa. Kawu ya kai talatin bai kai tsakiya ba. Ya kai arba'in. A arba'in da shida ƙirgar ta ɓace masa. Wani tsoho a sahun ya ce, "A kawo masa allo." Dariya ta tashi daga wannan bango zuwa wancan. Kawu ya ci biyu, bai ƙara magana ba har suka tafi. Uban amarya ya kira ni gaban jama'a, yana hawaye, ya yafa mini mayafin girmamawa mai bakin zaren zinariya. Na sunkuya na karɓa.

Ningamma ta wuce ni da kwandon ganye a ka. "Maigida, mayafin ya zauna maka. Kamar da kafaɗarka aka auna."

A biki na gaba ta ba Tungamma labari daga bakin ƙofa, tana kwaikwayon muryar kawun. Tungamma ba ta tambayi mayafi ba. Cewa ta yi, "Ya fasa kafin a zuba madara, ko bayan an zuba?"

"Kafin."

"To ya iya ci."

Ba ta taɓa gani ba. Wannan shi ne abin. Ta san ana ajiye shi a tsakiyar ganye, mai ci ya danna da tafi, mai sukari ya biyo ya barbaɗa, mai madarar badam, wato madara da garin almon, ya biyo ya kwarara da ɗumi. Duk a bakin Ningamma ta ji. Ita lokacin tana ɗakinta a bayan wurin bauta, tana cin shinkafar jiya.

Ke ce, Tungamma, kika rufa wa iyayen amare asiri fiye da dubu, ba ɗaya da ya san fuskarki. Ke ce mai hannun auduga. Sau nawa aka tambaye ni sirrin, na yi murmushi na ce gadon gida ne. Kina jin labarin, ba ki taɓa buɗe baki kin ƙaryata ni ba. Da kin yi sau ɗaya, da gidajen biki goma sun zo ƙofarki.

Yanzu komai ya lalace. Ɗana Prahlada ya karɓi sana'ar shekara takwas da suka wuce. Yana da mota mai sunanmu a jiki, da ma'aikata masu farar hula. Ciroti a kwali yake saye daga masana'anta, mai tauri kamar tayil, sai idan mai biki ya nace. "Appa," haka yake kirana, wato Baba, "mutane ba sa bambancewa." Abin da ya fi ciwo, gaskiya ya faɗa. Na aika wa Tungamma 'yan mata huɗu a lokuta daban-daban su koya. Wadda ta fi daɗewa kwana uku ta yi, ta ce turmi yana ɓata mata kafaɗa.

Ita ma jikinta ya gaji. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, babban yatsan dama ba ya lanƙwashewa. Yanar ido ta rufe mata gani, an yi aikin ɗaya bai yi ba. Abin da ya wuce tsawon hannu inuwa take gani. Ɗan ƙaninta zai zo ya tafi da ita garin Hubballi ƙarshen wata. Bene ne hawa na huɗu, babu murhun itace, babu wurin turmi.

Bikin jikata Medha ya faɗo a watan jiya. Na ce wa Prahlada kada a shigo da na kwali bikin jinina. Na je na sami Tungamma. Ta matsa yatsunta.

"Mutum nawa?"

"Ɗari huɗu."

"Kwana biyu zan yi, ba ɗaya ba. Kuma shi ne na ƙarshe."

"Na yarda."

"Abu ɗaya zan roƙa, Shamanna. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Faɗi."

"Ina so in tsaya in ga an ci."

"Me za ki gani da idon nan?"

"To in ji. Ningamma ta ce idan sahu huɗu suka danna lokaci ɗaya, kamar garke ne ya shiga busasshen ganye. Shekara arba'in tana gaya mini. Ina so in san ko ƙarya take."

Na ce sai na nemi izinin dangin ango. Ban so zuwa ba. Ban saba roƙo ba. Na sa fararen kaya na je na sami kakar angon, tsohuwa ce mai faɗa a ji, tana zaune a kan lilo tana kallon waya. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wannan ne ya sa ka sako sababbin kaya? Shamanna, ni ma mijina ya mutu shekara goma sha ɗaya. A sahun gaba zan zauna, da koren alharini, wanda bai so ba ya rufe idonsa. Wa ke wannan yanzu? Kai a wane zamani ka kwana?"

Na fito ban san inda nake sa ƙafa ba. Gaskiya ta faɗa. Shekara ashirin ina ganin irinta a sahun gaba, ina zuba musu miya da hannuna. Na gani. Al'adar ta mutu tuntuni a cikin zaure, ni na ci gaba da rayar da ita a ɗakin itace. Ba don tsoron dangin ango ba. Idan Tungamma ta fito, sunan zai bi ta.

Ta yi kwana biyunta. Wani lokaci sandar murji ta kuɓuce mata, ta lalubo ta ci gaba. Ɗari huɗu da goma sha biyu ta jera a kwanduna, ta rufe da farin ƙyalle. Babu ɗaya da bakinsa ya danne.

Ranar biki na je har ɗakinta na taho da ita. A ƙofar gaba ta tsaya cak, ƙarƙashin ganyen mangwaron da aka rataya.

"Ka tabbata?"

"Shiga."

Ta ɗaga ƙafar dama ta tsallaka. Mutane suna ta wucewa, wasu na ture ta da kafaɗa. Ba wanda ya dube ta. Na sa mata kujera a bakin zauren cin abinci, inda sahu huɗun ke haɗuwa. Ningamma ta ajiye kwandonta ta tsaya a bayanta.

"Inna, kin ga yau kin zama baƙuwa. Ki gyara zama kada su ce ke ce amaryar."

"Rufe mini baki, Ningi. Ina saurare."

Aka shimfiɗa ganye, aka yayyafa ruwa. Gishiri ya wuce, kayan lambu suka wuce, shinkafa da miya suka wuce. Ta karkata kai, ta kama hannun kujera. Ni ina kallon ƙofar madafa, ina jiran kwanduna.

Ba kwanduna suka fito ba. Masu farar hula ne suka fito da manyan tire, a kai ƙananan kofunan takarda, kowanne da ɗan cokalin katako a tsaye. Suka bi sahu da gudu suna ajiyewa. Na tsayar da ɗaya na duba. Wani abu ne fari, jiƙaƙƙe, kamar kunun jarirai.

Na sami Prahlada a madafa. Babban daro yana gabansa, da sauran ɓurɓushi a gindi, da ludayin da aka daka su da shi.

"Me ka yi?"

"Appa, ƙarfe uku wasu za su karɓi zauren. Idan aka bi ɗaya-ɗaya, ciroti, sukari, madara, rabin awa ya tafi. Kuma yaran yanzu ba su iya fasawa ba, watsa wa tufafinsu suke. Tun safe na sa aka murƙushe aka haɗa. Ai duk ciki ɗaya za shi."

Na ɗaga hannu, na sauke. Me zan ce masa? A gabansa aka yafa mini mayafi. Bai taɓa jin na kira sunanta a gaban baƙo ba. Ni na koya masa cewa abin nan ba shi da mai shi.

Na koma. Tana nan yadda na bar ta, kai a karkace.

"Shamanna, kai ne? An kusa?"

Ningamma ta juya fuska bango.

"An kawo," na ce.

"Ban ji ba."

"Ba za ki ji ba."

Na gaya mata. Ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta saki hannun kujerar, ta ɗora hannuwanta a cinya, ta zauna tana jin ƙarar cokali a takarda. Can ta ce, "Da na sani ai da ban wahala a kan bakinsu ba. Da na danne su kawai."

Ningamma ta tsuguna ta kwance bakin zanenta. "Na ɗauke wa jikata ciroti ɗaya da safe, kafin su fara ɓarna. Ba sata ba ce, ceto ne." Ta dube ni. "Amma hannuna ya taɓa, Maigida."

Shekarata saba'in da takwas. Ban taɓa cin abin da ya fito daga hannun mai kwashe ganye ba, ubana ma bai taɓa ba.

"Kawo."

Na yago ganye na shimfiɗa a ƙasa gefen kujerarta. Na zauna. Gwiwoyina sun yi ƙara, Ningamma ta ce kada Tungamma ta ɗauka cirotin ne. Na ajiye shi a tsakiya. Na ce, "Matso da kunne." Ta sunkuyo. Na danna da tafi.

Ƙarar ba ta da yawa. Ɗaya ne. Amma ta ji ta daga farko har ƙarshe, falle yana bin falle.

Ta daɗe a sunkuye.

"Na kaskon ƙarshe ne," ta ce. "Wuta ta ɗan yi yawa."

Babu sukari, babu madara, duk sun tafi cikin daro. Na ci shi haka, har ɓurɓushi. Mutane na wucewa wanke hannu suna kallon kakan amarya zaune a ƙasa.

"Yaya?" ta ce.

Shekara arba'in da uku ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

"Babu mai yin irinsa."

"Na sani," ta ce. "Ningi, kai ni gida. Ta baya, ta fi kusa."

Tungamma, na gode. Na gode a madadin amaren da kika fitar da kunya, da iyayensu, da yaran da suka lashe ganye suka girma suka manta. Godiyar ta zo a makare kuma ba ta gyara komai, na sani. Ba zan iya tara miki mutum ɗari huɗu kuma ba, ke ma ba za ki iya sake murza ɗari huɗu ba. Abin da ya rage a hannuna sunan ne, ga shi na mayar. Duk wanda ya ƙara cewa cirotin Shamanna a gabana zan gyara masa.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba na ce ku yi haƙuri irin nata ba. Haƙurinta ni ya amfana. Aikinta nake ce ku ɗauka. Ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo, mace ko namiji, ɗan kowane gida, ba ta tambayar asali. Na faɗa a wurin bauta, na faɗa a ƙungiyar masu dafa abinci, na sa an liƙa takarda a shagon mai kofi. Mako biyu ke nan. Kullum da safe tana wanka, ta jiƙa tsaki, ta buɗe ƙofa ta zauna kusa da turmi. Da rana ta ba saniyar maƙwabta ƙullun.

Lungu na biyu ne bayan wurin bauta, ƙofa mai shuɗin fenti. Ba ta ganin mai shigowa, sai ku yi magana daga bakin ƙofa. Saura kwana goma sha ɗaya motar Hubballi ta zo.